Rijiya Mai Lamba Bakwai

Rijiyar gidanmu tana da lamba. Bakwai ce, an rubuta ta da jan fenti a jikin simintin bakinta tun shekarar da kamfanin haƙar zinari ya turo raminsa ya biyo ta ƙarƙashin ƙauyenmu Cihonje. Rijiyoyi goma sha huɗu da rafi biyu aka yi wa lamba a ƙauyen, kuma ran Talatar farko ta kowane wata Pak Darsa, ma'aikacin ruwa na kamfanin, yana zuwa a babur da akwatin ƙanƙara ɗaure a baya, ya ɗebi ruwan kowacce a kwalabe a kai birni a gwada. Bayan mako biyu sai a liƙa takarda a allon ofishin ƙauye. Wata goma sha ɗaya a jere takardar tana cewa ruwan lamba bakwai lafiya lau yake. Wata goma sha ɗaya a jere ko ɗigo ɗaya na rijiyarmu bai shiga kwalaben nan ba.

Rijiyar a bayan gida take, cikin shingen gora, inda mata ke wanka da wanki da shanya. Abah, mahaifin mijina, bai taɓa barin baƙo namiji ya wuce baranda ba, kuma bai ga dalilin da zai sa ya fara a kan Pak Darsa ba. Da ya ji ƙarar babur zai fito da murmushi, ya sa a shimfiɗa tabarma, a kawo shayi da soyayyen rogo.

"Zauna, Pak, zauna. Baƙo ba ya jan guga a gidan nan. Bayan gidan ma duk kayan mata ne a rataye."

Sai Pak Darsa ya cire takalmi ya zauna, ya miƙo kwalabe uku. Facalata Teh Entin ce take karɓa ta yi baya da su. Ba rijiya take nufa ba, ɗakin girki take shiga ta cika su daga shuɗiyar jarka, kamar yadda Abah ya umarce ta tun watan da ruwan ya fara canzawa.

Jarkoki biyu ne. Mijina Kang Tatang yake ɗebo su daga marmaron kan dutse kowace safiya kafin ya shiga ramin zinari, inda yake aiki. Da su ake dafa shinkafa, a cika gorar da yake tafiya da ita aiki, a ba Abah da matarsa Ema, a yi wa baƙi shayi. Ni ma an sa ni a ciki saboda ina shayarwa a lokacin, sai kuma 'yata Lilis. Teh Entin ba a sa ta ba. Matar yayan mijina ce, mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba, iyayenta kuma babu, sai ta zauna a ɗan ɗakin da ke jikin rijiya tana wankin gida da na ma'aikatan rami shida da ke haya a maƙwabta. Ema, uwar mijina, ta ce jarka biyu ba za ta kai kowa ba, kuma wadda take wuni a bakin rijiya me za ta nema a jarka, ta tafasa ta sha kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni.

Haka take yi. Tana da 'yar butarta da kofin silba nata na kanta. Idan ta jefa ganyen shayi a ruwan, maimakon ya yi ja-ja kamar na kowa, sai ya koma baƙi wuluk da wani maiƙo yana yawo a sama. Ta kan ɗago mini kofin ta ce in kawo takarda ta rubuta wa marigayi wasiƙa, ga tawada ta samu kyauta. Ni kuma ta laƙaba mini suna Gimbiyar Jarka.

"Gimbiya, a matsa kada ruwan talakawa ya fallatso miki a zani."

Ina dariya. A lokacin ina dariya.

Ruwan da warinsa ya fara, wari irin na tsohuwar ƙusa. Farin mayafi idan ya sha wanki uku sai ya koma ruwan ɗorawa. Kifayen kududdufin bayan gida, wanda ruwan wanki ke gangarawa ciki, muka tashi wata safiya duk sun juyo da cikinsu sama. Abah ya tsaya a kansu da hannu a baya ya ce zafin rana ne, ya sa aka binne su kafin maƙwabta su gani.

Sai hannun Teh Entin. Tafinta ya fitar da kanta ƙanana masu tauri kamar ƙwayar masara, ta kai ba ta iya dunƙule hannu sosai. Ema ta ce sabulun nan ne mai arha, ta canza mata sabulu. Daga nan wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe suka feso mata a baya da ƙirji, kamar an yayyafa mata ruwan kofi. Ema ta ce duk macen da ta sa tunanin mamaci a ranta haka jikinta ke yi, ta ƙara yawan zikiri. Cikinta ya soma murɗawa, abinci ba ya zama. Ema ta ce sanyi ne ya shige ta, ta kwantar da ita a tabarma ta shafe mata baya da man kwakwa, ta kankare da gefen kwabo har jajayen layuka suka fito. Ta kira ni in gani.

"Kin ga yadda ya yi ja? Sanyi ne. Gobe za ta tashi garau."

Washegari ta tashi, domin kayan ma'aikata shida suna jiran ta a baho.

Sau ɗaya na raka ta asibitin ƙauye. Ma'aikaciyar jinyar ta juya hannun ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya wane ruwa muke sha. Teh Entin ta ce na rijiya. Ta tambayi lambar rijiyar, ta buɗe wani fayil inda ake ajiye kwafin takardun gwaji, ta bi da yatsa har zuwa bakwai. Ta ce to alhamdulillahi ba ruwa ba ne, don da ta ji tsoro. Ta ba mu man shafawa da maganin tsutsar ciki. Ina zaune a gefe da Lilis a cinyata, bakina a rufe. Da muka fito Teh Entin ta karɓi yarinyar ta goya, ta ce hanyar da santsi.

Ranar na yi wa Kang Tatang maganar ruwan yana wanke babur. Bai musa ba. Ya ce ya sani, su da suke ƙasa sun fi kowa sanin kalar ruwan da ke tsattsafowa daga tsofaffin ramukan da aka daina aiki a ciki. Amma idan lamba bakwai ta fito da matsala, za a rufe ɓangaren da ke ƙarƙashinmu, mutum arba'in ne a ciki, kusan duk 'yan Cihonje. Ya ce in yi tunanin yadda za mu shiga masallaci da kasuwa idan aka ce gidanmu ne ya tsayar da aikin mutum arba'in. Ya ce in bari damina ta wuce, wataƙila ruwan ya washe da kansa. Na ce to ka ƙaro jarka ta uku. Ya ce babur ɗin biyu yake ɗauka, sawu biyu kuma zai sa ya makara, an riga an yi masa gargaɗi.

Abah kuwa ba a yi masa irin wannan maganar. Da na kuskura na ce ruwan yana wari, sai ya ajiye taba ya ce mahaifinsa ne ya haƙa rijiyar nan da hannunsa, mutum nawa aka yi wa wankan haihuwa da na gawa da ruwanta, ba yarinyar da ta shigo jiya za ta koya masa ɗanɗanonta ba. Ya ce abin da ake zuba wa Pak Darsa ba ƙarya ba ce, ladabi ne, ba a miƙa wa baƙo ruwa mai launi ya ɗauka ya kai birni a yi ta nunawa. Yana faɗin haka yana kurɓar shayin jarka.

Ni ma ina da nawa uzurin, kuma sai na faɗe shi tunda na faɗi na kowa. Na ɗan riƙa satar mata kofi ɗaya ina kai mata, har Ema ta lura ta ɗaure roba a jikin jarkar daidai inda ruwa ya tsaya. Daga ranar na daina. Na ce wa kaina ni baƙuwa ce a gidan, ina da ƙaramar yarinya, idan na ja rigima aka cire mu daga jarka fa? Na tsare Lilis iyakar ƙarfina. Da ruwan sama nake yi mata wanka, wanda nake tara a baho. Kofinta da cokalinta a cikin akwatina suke kwana. Duk abin da ya wuce wannan na kawar da kai.

Ƙafafunta ne suka biyo baya. Ta ce da farko kamar tururuwa ke yawo a ciki, daga baya tururuwar ma ta daina ji. Wata rana ta dawo daga shanya da silifas ɗaya, ɗayan ya zame tun a bakin kududdufi ba ta sani ba. Ta yi dariya ta ce ƙafar ta gaji da ita ta yi yaji. Wata rana kuma na ga jini a simintin rijiya, na bi sawu har ɗakinta, na same ta tana ninke kaya da tsinken gora a dunduniya. Ni na cire shi. Ko motsi ba ta yi ba.

Kayan ma'aikata suka fara dawowa da tabo saboda ba ta iya murzawa. Ema ta ce ta zama malalaciya, ana ciyar da ita tana zaɓen aiki. Teh Entin ta sunkuyar da kai ta ce a yi haƙuri. Ta rame har zoben aurenta ya koma babban yatsa. Amma duk Talatar farko tana jan ƙafa ta zo baranda, ta durƙusa ta karɓi kwalabe, ta ɓoye tafin hannunta a cikin mayafi don kada baƙo ya ga abin ƙyama.

Ran wata Asabar na je kasuwa kai soyayyar ayabar da nake sayar wa masu shago, na bar Lilis wurin Ema. Na dawo da wuri. Ema ta tafi gaisuwar rasuwa, gidan shiru. A bayan gida na same su, Lilis a cinyar Teh Entin, ta riƙe kofin silbar nan da hannu biyu tana sha.

Ban san lokacin da na doke kofin ba. Ya bugi bakin rijiya ya gangara. Lilis ta tsala kuka, na fizge ta na sa yatsa ina goge mata baki da harshe kamar hakan zai fitar da abin da ya riga ya wuce.

"Tun yaushe, Teh?"

Ta ce duk ranar da na fita kasuwa Ema takan kawo mata ita. Ema tana kulle ɗakin girki, yarinya kuma tana kukan ƙishi. Ta ce sau biyu take tafasawa idan don Lilis ne. Sannan ta ɗago ta dube ni, ba da fushi ba.

"Ashe kin san ba na sha ba ne, Nenden."

Na shige ɗaki na tuɓe yarinyar tsirara a bakin taga, na duba tafin hannunta, bayanta, tsakanin yatsun ƙafarta, na tsunkule ta a dunduniya don in ji ta yi kuka. Ta yi kuka. Ban taɓa jin daɗin kukanta kamar ranar ba.

Saura kwana uku Talata. Na yi tunanin in je ofishin kamfani, amma wa zai saurari matar leburan rami a kan takarda goma sha ɗaya masu hatimi? Na yi tunanin in musanya kwalaben, sai dai tun da hannun Teh Entin ya daina riƙe murfi, Ema ce ke tsayawa a kanta har a cika. Abu ɗaya ne ya rage a hannuna a ranar Talata. Ni nake yin shayin baƙi.

Da safe na kwashe duk shanyar da ke bayan gida, har ɗan kamfai ban bari a igiya ba, na share wurin tas. Na ari butar Teh Entin. Ta dube ni ta dubi butar, ta miƙo mini.

Pak Darsa ya iso wajen ƙarfe goma. Aka yi gaishe-gaishe, aka shimfiɗa tabarma, Abah yana ba shi labarin tsuntsun da ya saya. Ema ta karɓi kwalabe ta shige ɗakin girki. Na fito da faranti, rogo a gefe, kofunan gilashi biyu a tsakiya. Na durƙusa na ajiye ɗaya gaban baƙo, ɗaya gaban Abah.

Baƙi ne wuluk, maiƙon yana yawo a sama yana ɗaukar hasken rana.

Abah ya katse maganar tsuntsu. Pak Darsa ya ɗaga kofin ya duba ta ƙasa, ya kai hanci, ya ajiye a hankali. Ya tambaya wane irin ganye ne wannan.

"Ganyen kullum ne, Pak," na ce. "Ruwan ne daban. Yau da na rijiya na yi, lamba bakwai."

"Nenden, ɗauke wannan ki kawo shayi," in ji Abah, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Shayi ne, Abah. Shi Teh Entin take sha kullum. Takarda ta ce lafiya lau yake. Bismillah, Abah, baƙo ba zai fara sha ba sai mai gida ya sha."

Ban taɓa yi wa babba magana haka ba. Abah ya dubi kofin. Na ga hannunsa ya taso daga gwiwa ya nufi gilashin, don mutum ne da ya fi son ya mutu da a kunyata shi gaban baƙo. Ya taɓa shi da yatsu biyu. Sai ya mayar da hannun kan gwiwa.

Daidai nan Ema ta fito da kwalabe uku, ruwan cikinsu garau kamar hawaye. Pak Darsa ya dubi kwalaben, ya dubi kofin. Bai karɓa ba. Ya miƙe ya sa takalminsa, ya buɗe akwatinsa ya ɗauko sababbin kwalabe da igiyar awo, ya ɗan rusuna wa Abah ya ce yana neman izini ya wuce baya.

Abah ya ce akwai kayan mata.

Na ce babu, na kwashe.

Teh Entin tana zaune a kujerar tsugunno a bakin rijiya. Ta yi ƙoƙarin tashi ta gaishe shi, ya ce ta zauna. Ya ja guga da kansa, ya tsoma wani ƙarfe mai waya a ciki, ya daɗe yana kallon lambobin. Sannan ya roƙe ta ta nuna masa hannunta. Ta dube ni, na gyaɗa kai, ta zaro su daga mayafi. Ya cire hularsa ya riƙe. Ya ce a ƙa'ida shi ya kamata ya ɗeba da hannunsa kowane wata, ya sani, an koya musu. Amma wuri goma sha shida yake zagayawa a yini, kuma bai so ya yi wa dattijo gardama a gidansa ba. Teh Entin ta ce ba komai, Pak, rogon ma ai yana da daɗi.

Ba a jira mako biyu ba. Bayan kwana shida motocin kamfani biyu suka shigo Cihonje. Aka rufe rijiyarmu da murfin ƙarfe da kwaɗo, aka sake gwada na maƙwabta, aka samu biyu sun fara gurɓacewa. Suka ce ruwan tsohon rami ne ya samu tsaga ya biyo, ɗauke da wata guba da ke cikin dutsen, arsenik, wadda tafasawa ba ta kashe ta sai ma ƙara mata ƙarfi. Wani injiniya ya ce da an gani tun watan farko da toshe tsagar aikin kwana kaɗan ne. Yanzu tankar ruwa tana zuwa sau biyu a mako. An rufe ɓangaren ramin wata biyu, aka raba mutanen zuwa wasu wurare, wasu suka zauna a gida. Akwai matan da har yau ba sa amsa gaisuwata a kasuwa. Kang Tatang ya yi kwana ashirin ba ya cin abincin da na dafa. Abah kuma na ji ana cewa yana faɗa a masallaci wai gidansa ne ya fara ankarar da kamfani.

An gwada Lilis. Likita ya ce akwai kaɗan a jikinta, zai fita tunda an daina. Na yi sujada a simintin asibitin, mutane suna kallona.

Teh Entin kwana tara ta yi a kwance. Aka ce cikin zai warke, hannun zai yi sauƙi, tabon fatar sai an riƙa dubawa duk shekara har iyakar rayuwarta. Ƙafafun kuwa likita bai yi alkawari ba. Yanzu da sanda take tafiya, tana kallon ƙasa don ta ga inda ta taka. Ema ta ba ta wuri a ɗakin gaba, tana gaya wa masu zuwa dubiya cewa ita dama kamar 'yar cikinta ta ɗauke ta.

Ni nake wanke mata ƙafa kowace yamma, in duba ko ta taka wani abu. Ran nan ina cikin shafa mata mai, Lilis tana wasa da sandarta, ta ce mini mutane suna ta yaba mini, wai na yi jarumta, ita ma ta gode. Na ce ba komai, Teh. Na gama ƙafa ɗaya na ɗauki ɗayar.

"Gimbiya, in tambaye ki mana. Ba don faɗa ba."

Na ce ta tambaya.

"Da Lilis ba ta sha a kofina ba, da kin yi shayin nan?"

Butar tana nan a gidan tun watan farko. Ganyen shayin yana nan. Ni nake kai faranti baranda duk Talata goma sha ɗayan nan, ina wuce ta a ƙofar ɗakin girki tana cika kwalabe da ruwan da aka hana ta sha. Na sunkuyar da kai na ci gaba da murza ƙafar da ƙarfi, da ƙarfi sosai, har yatsuna suka yi zafi.

"Bar shi haka," in ji ta. "Ba na ji."